AMSAR WASIƘUNKU: Shin Da Gaske Ne Jirgin Ruwa Yana Hawa Tudu?

  

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga ƙaramar hukumar Dawakin Tofa a Jihar Kano, daga hannun wani dattijo wanda ya ce shi manomi ne, da rani kuma yakan taɓa saye da sayar da hatsi a kasuwar Dawanau. Ya roƙi mu sakaya sunansa, to, Malam, mun sakaya.

Ya ce yana da ɗa da ke karatu a ƙasar Ingila. Da aka yi musu hutu a lokacin zafinsu, wanda yake daidai da daminarmu, sai yaron da abokansa suka yi hayar wani jirgin ruwa dogo siriri, mai gadaje da wurin girki a ciki, suka yi mako guda cur suna yawo a kan koguna da hanyoyin ruwa waɗanda mutane suka haƙa da hannu. Yaron ya gaya masa cewa jirgin nasu har tudu ya hau, ta cikin waɗansu ƙofofi. Malam ya kai wannan labari majalisarsu bayan sallar isha'i, aka yi masa dariya, wani ma ya ce ai ruwa gangara ya sani, yaro dai ya ga tsoho ne ya shirga masa. Saboda haka yana tambaya: da gaske ne? In da gaske ne, akwai irin wannan a ƙasarmu? Kuma me ya hana a haƙa irin wannan hanya a riƙa ɗaukar hatsin Dawanau ta ruwa? Daga ƙarshe ya ƙara da cewa tun abin da ya faru a Bagwai bai sake barin wani nasa ya taka jirgi ba, kuma uwar yaron ba ta yi barcin kirki ba tun da ta ji ɗanta ya kwana bakwai a kan ruwa.

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Da farko dai ka koma majalisa da ƙarfinka, ɗanka bai yi maka ƙarya ba. Shi ma wanda ya ce ruwa gangara ya sani bai yi ƙarya ba. Ruwan ba ya hawa tudu, jirgin ne yake hawa, kuma da gangarar ruwan ake ɗaga shi.

Ga yadda abin yake. Ka sami duro, ka zuba ruwa kaɗan a gindinsa, ka ɗora ƙoƙo a kan ruwan. Sai ka yi ta ƙara ruwa. Me zai faru? Ƙoƙon zai yi ta tasowa har ya zo bakin duron, alhali ba wanda ya taɓa shi. In ka huda gindin duron kuma, ƙoƙon zai bi ruwan ya sauka. To, dabarar ke nan gaba ɗayanta. A inda hanyar ruwa ta iso tudu, sai a gina wani gurbi da bulo ko dutse, kamar ɗaki marar rufi, wanda jirgi zai iya shiga, da ƙofa a gabansa da ƙofa a bayansa. Ruwan da ke bayan ƙofar gaba yana sama, na bayan ɗaya ƙofar yana ƙasa. Jirgi ya shigo ta ƙofar ƙasa, a rufe ta. Sai a murɗa wani ƙarfe a buɗe 'yar kafa a ƙofar sama, ruwa ya riƙa kwararowa cikin gurbin, jirgi yana tasowa kamar ƙoƙon nan. Idan ruwan ciki ya yi daidai da na sama, sai a buɗe ƙofar gaba, jirgi ya fita abinsa. Ya hau mataki ɗaya ke nan. Mai saukowa kuwa sai a juya aikin, a zubar da ruwan gurbin zuwa ƙasa. Mu a nan za mu kira abin matakalar ruwa. Duk wanda ya taɓa noman rani a ƙarƙashin dam ɗin Watari ko a Kadawa, ya ga yadda ake buɗe ƙofar kanal a ba wannan fangali ruwa a toshe wancan, to ya riga ya san rabin karatun.

Akwai wani abu guda game da ƙofofin nan da muke so a riƙe, don za mu dawo kansa. Muddin ruwan ciki da na waje ba su daidaita ba, nauyin ruwan da kansa yana danne ƙofar, ko ƙarti goma suka taru ba za su ture ta ba. Da zarar ya daidaita kuwa, mutum ɗaya ya jingina bayansa da sandar ƙofar sai ta buɗe. Wato dole mai jirgi ya jira, komai saurinsa.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. A ƙasar Sin aka fara gina gurbi mai ƙofa biyu, a shekara ta 984, a kan babbar hanyar ruwan da sarakunansu suka haƙa don kai hatsi daga kudu zuwa arewa. Ka ji, Malam, tun asali hatsi ne ya kawo maganar. A Ingila kuwa abin ya kankama ne daga shekara ta 1761, lokacin da aka buɗe kanal ɗin Bridgewater don kai gawayin kwal birnin Manchester, har farashin gawayin ya faɗi da wajen rabi. Dalili kuwa shi ne, kaya a kan ruwa ba su da nauyin ja. Doki ɗaya tak, yana tafiya a gefen kanal da igiya a ɗaure, yakan ja jirgi mai ɗauke da wajen tan 30, wato buhu 300 na masara ke nan, lodin tirela guda. Jirgin da ɗanka ya shiga jikan waɗannan jirage ne. Faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba, tsawonsa kuwa yakan kai ƙafa 70, an yi shi siriri ne don ya shiga gurbin.

Da jirgin ƙasa ya zo, daga baya mota ta biyo, sai ciniki ya bar hanyoyin ruwan, da yawansu suka cushe da ciyawa da shara. Mutanen gari ne, masu sha'awar abin, suka yi ta aikin gayya suna yashewa suna gyara ƙofofi, hukuma ta sa hannu daga baya. A yau akwai wajen mil 2,000 na irin waɗannan hanyoyi a Ingila da yankin Wales a hannun wata hukumar amana da aka kafa a 2012, kuma yawancin masu bin su 'yan hutu ne. Akwai wani tudu da ake kira Caen Hill kusa da garin Devizes, inda aka jera gurbi 29 a cikin tafiyar mil 2, suna ɗaga jirgi ƙafa 237. Hawansa kan ci awa 5 zuwa 6. An gama wannan hanya a 1810, ta lalace, aka sake buɗe ta a 1990. Ba ƙananan jirage kaɗai ba, manyan jiragen teku ma haka suke ƙetare mashigin Panama tun 1914, ana ɗaga su ƙafa 85 a sauke su a ɗaya gefen. Mashigin Suwes na ƙasar Masar kuwa, wanda ya haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya tun 1869, ba shi da ƙofa ko ɗaya, domin ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce.

Sai tambayarka ta biyu, ko akwai irin wannan a ƙasarmu. Akwai, Malam, kuma a nan Arewa. Lokacin da aka gina dam ɗin Kainji a kan kogin Kwara, daga 1964 zuwa 1968, ba wutar lantarki kaɗai aka yi wa tanadi ba. An gina matakalar ruwa a jikin dam ɗin, domin jiragen kaya da suka taso daga kudu a ɗaga su zuwa cikin tafkin, su wuce Yawuri. Dam ɗin Jebba da aka gama a tsakiyar shekarun 1980 shi ma an yi masa tasa. Kafin nan, duwatsun Busa su ne suka raba kogin biyu, nan ne ma Baturen nan mai yawon bin kogi, Mungo Park, ya halaka a 1806. Tafkin Kainji ya shanye duwatsun, ya shanye tsohon garin Busa, aka tashi mutane sama da 40,000 aka sake musu matsuguni. Sai dai kuma zirga-zirgar manyan jiragen da aka yi wa wannan tanadi ba ta kankama ba. Abin da ke yawo a tafkin shi ne jiragen katako masu inji da kwale-kwale, na masunta da na 'yan kasuwa masu cin kasuwannin bakin ruwa. Wasan jirgi don nishaɗi ma ba baƙonmu ba ne, mutanen Yawuri suna da bikinsu na Rigata, inda ake tseren jirage ana nuna gwanintar ruwa.

Kuma kada ka ɗauka Kano ba ta taɓa cin moriyar kogi ba. Jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911, wanda ya buɗe cinikin gyaɗa har aka zo ana dalar gyaɗa, daga Baro aka faro shimfiɗa hanyarsa a 1907. Baro kuwa gari ne a bakin Kwara, a Jihar Neja ta yanzu. Ƙarafan dogon da kawunan jirgin ta ruwa aka hauro da su daga bakin teku, a lokacin da kogi ya cika. Haka kuma a kogin Binuwai, jiragen kamfanoni sun daɗe suna hawa har Yola da Garwa ta ƙasar Kamaru idan damina ta yi nisa, su sauko da gyaɗa da auduga kafin ruwa ya janye. A zamaninmu an kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa a 1997, da hedikwata a Lakwaja. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro a 2009, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro a watan Janairu na 2019. Amma shekaru bayan buɗewar an yi ta kukan cewa kaya ba sa sauka a tashar, musamman saboda rashin hanyar mota mai kyau zuwa garin.

Wannan ya kawo mu tambaya ta uku, me ya hana a haƙo kanal har Dawanau. Abu uku ne. Na ɗaya, kogunan ƙasar Kano ba teku suka nufa ba. Watari ta faɗa Chalawa, Chalawa ta haɗu da kogin Kano, su zama kogin Haɗejiya, su yi gabas wajen Yobe da tafkin Chadi. Sai ka ƙetara ƙasar Zazzau ko yammacin Katsina kafin ka sami ruwan da yake gangarawa Kwara. Na biyu, tsayi. Kano tana sama da teku da kimanin ƙafa 1,600. In muka yi lissafi da irin gurbin Ingila mai ɗaga jirgi ƙafa 8, ana bukatar gurbi wajen 200 ke nan. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne ruwan kansa. Duk jirgin da ya wuce, cikin gurbi guda na ruwa ya gangara ke nan, ba ya dawowa. Ƙaramin gurbi ma yana cin abin da ya kai duro 600. Ingila ana ruwa kusan kowane wata, duk da haka a shekarar fari sukan rufe waɗansu hanyoyin. Mu kuwa da muke da damina ta wata huɗu zuwa biyar, ruwan da aka tare a Tiga da Chalawa da Watari shi ake sha, shi ake noman rani da shi, kuma mutanen Haɗejiya da Nguru suna jiran rabonsu a ƙasa. Wa zai yarda a zubar da ruwan tumatirinsa da shinkafarsa don jirgi ya wuce? Saboda haka abin da hankali zai ɗauka shi ne irin tsarin farko: kaya su bar Kano ta dogo ko ta mota, su hau ruwa a inda kogi yake da zurfi.

Yanzu sai maganar uwar yaro, wadda a wurinmu ita ce ta fi nauyi a wasiƙar. Malam, a gaya wa uwargida ta kwantar da hankalinta. Yawancin kanal ɗin da ɗanta ya bi zurfinsu bai fi ƙugu zuwa ƙirjin babban mutum ba, ba igiyar ruwa, kuma doka ta hana jirgi gudun da ya wuce mil 4 a awa, wato saurin mai tafiya kasuwa a ƙasa. Jirgin haya irin wannan ba ya ɗaukar fiye da mutum 12. Kowane jirgi sai da lasisi da inshora da takardar shaidar an duba lafiyarsa, kuma kamfanonin haya sukan hana tafiya bayan faɗuwar rana. Ba mu ce ba a haɗari ba, ana yi, musamman a cikin gurbin nan mai zurfi idan aka yi sakaci. Amma ba a saba jin jirgi ɗaya ya tafi da mutum talatin ba.

Tsoronku kuwa yana da dalili, ba wanda zai ga laifinku. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau zai ƙetare dam ɗin Watari zuwa Bagwai ya kife, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi a Tofa. Maƙwabtanku ne, wataƙila ma da danginku a ciki. A watan Mayu na 2021, jirgi mai ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a Jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A watan Yuni na 2023 kuma, sama da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi ta Jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. Allah ya jiƙansu da rahama, ya ba iyalansu haƙuri.

In ka duba waɗannan haɗura da ire-irensu, dalilan da ake ambata ba sa wuce guda huɗu ko biyar: lodi fiye da kima, tsohon jirgi mai yoyo, tafiyar dare, kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya. A cikinsu ba wanda ya fi ƙarfin ɗan Adam. Bature da ya shiga jirgi don hutu, ba abin da yake kora, ya yarda ya tsaya a bakin ƙofa har ruwa ya daidaita. Mu da muke shiga don dole, da yara da amare da buhuna da babura, mu ne muka fi bukatar wannan haƙuri, amma mu ne muke cewa a ƙara mutum ɗaya ai ba komai.

Hana iyali shiga jirgi ɗungurungum ba zai yiwu ga kowa ba. Mutumin da dam ya raba shi da kasuwa da asibiti, ya zaga ta mota ya biya kuɗi ninki, ko ya ƙetare cikin 'yan mintoci, ka san wanda zai zaɓa. Saboda haka ga shawararmu ga duk mai shiga. Kafin ka taka, dubi gefen jirgin: in tsakanin bakinsa da ruwa bai kai kamu ɗaya ba, sauka ka jira sahu na biyu, ko an yi maka dariya. In ka ga yaro yana ta kwarfar ruwa tun jirgi bai tashi ba, wannan jirgi ba na shiga ba ne. Kada a tashi da magariba, kada a tashi hadari yana haɗowa. In an shiga a zauna, kada a miƙe, kada a ruga gefe guda. In da rigar kariya a saka, a fara da yara, kuma a ɗaure ta, don wadda aka rataya a kafaɗa ba ta ceton kowa. Malaman makaranta da masu kai amarya, ku raba ayari kashi biyu ko uku, kuɗin sahu na biyu bai kai kuɗin likkafani ba. Sarakunan ruwa da shugabannin masu fito kuma, ku rubuta adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka a jikinsa da fenti, ku sa mai ƙirga a bakin mashigi, musamman ranar kasuwa da ranar biki. Ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa da suke tara kuɗin taki, ba zai gagare su sayen rigunan kariya ashirin su ajiye a mashigin garinsu ba. Hukuma ma a riƙa tuna mata tun kafin ruwa ya cika, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

To, Malam mai tambaya daga Dawakin Tofa, da fatan mun gamsar da kai. Idan ka koma majalisa, ka tafi da duro da ƙoƙo, gani ya kori ji. Shi kuma yaro, in ya dawo gida hutu, a sa shi ya ba mutanen gari labarin ƙofar da ba ta buɗuwa sai ruwa ya daidaita. A gai da uwargida, a gai da mutanen Dawanau.

Jama'a, nan za mu dakata a wannan mako. Mai tambaya ya ci gaba da aiko mana, ya rubuta sunan garinsu da ƙaramar hukumarsu yadda za mu iya karantawa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.